Kundin aikin haɗa sauti: waƙoƙi shida da amon da ke soke kunne

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau fayilolin suka iso hannuna. Waƙoƙi shida ne na ƙungiya ɗaya: mawaƙiya, mai jitar katako, mai jitar lantarki, mai bes, makaɗin ganguna, sai mai busa sakson da ya shiga biyu daga ciki. A ɗaki ɗaya aka ɗauke su cikin kwana huɗu, a kan kilohaz 48, wato na'urar na ɗaukar samfurin sautin sau 48,000 a kowace daƙiƙa. Ba ni na yi ɗaukar ba, haɗa sautin kawai aka ba ni, kuma ana son aikin kafin tsakiyar Maris.

Na jera layukan, na ba kowanne ƙarfinsa daidai gwargwado, ban ɗora ko fulogin (ƙaramar manhajar gyaran sauti) ɗaya ba, na jingina da kujera na saurara daga farko zuwa ƙarshe. Kiɗan yana da rai. Ana jin mutanen suna kallon juna suna kaɗawa, abin da babu na'urar da za ta ba ka shi. Amma kafin waƙa ta uku ta kai rabi sai na tsinci hannuna a kan maɓallin rage ƙara, ban ma san lokacin da ya je can ba. Da daɗewa na koyi girmama wannan alama. In hannu ya riga tunani zuwa rage ƙara, to akwai abin da ke sukar kunne, ko da ba ka kai ga kiran sunansa ba.

Na ɗauki biro na rubuta wuraren da na ji sukar, da mintinsu da daƙiƙarsu: murya a amshin waƙa ta uku, jitar lantarki in ta hau sama, fayafayan ƙarfe na ganguna kusan ko'ina, da wani ƙugi a bes da ke kumbura a sauti ɗaya ya lafa a sauran. Takardar nan ita ce aikin makonni masu zuwa. Zan riƙa rubuta abin da na yi, don in na waiwayo bayan wata guda in san dalilin kowane yanka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na fara da jitar lantarki, da dabarar da kusan kowa ya fara koya a wannan sana'a: a buɗe ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage ƙarfin wani yanki na sauti, a ɗaga siririn zango ɗaya da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 ko 15, a riƙa jan sa a hankali daga ƙasa zuwa sama har a ji inda ya yi ihu, sai a juya shi ƙasa a yanke. Irin ikwalaizar da ke barin ka zaɓi mita da faɗi da zurfi kowanne da kansa, George Massenburg ne ya gabatar da ita a 1972, kuma ita ce ta sa irin wannan farauta ta yiwu.

Cikin awa guda na yi wa jitar yanka tara. Da na kashe ikwalaizar na sake kunna ta don in kwatanta, sai na ji jitar kamar daga bayan ƙofa ake kaɗa ta. Sukar ta ragu, amma cizon da ya sa aka sa jitar a waƙar tun farko ya tafi tare da ita. Aibin dabarar shi ne duk wurin da ka ɗaga siriri da desibel 15 sai ya yi fito mai muni, ko da lafiyarsa ƙalau. Da hannunka ka haifi fiton, sannan ka bi shi da wuƙa. Ga shi kuma bayan minti biyu kana jin wannan fito kunne ya gaji, ya manta yadda jitar take a asali.

Na goge yankan duka na sauya hanya. Na kunna waƙar gaba ɗaya, ba jitar ita kaɗai ba, na jira har sukar ta zo da kanta. Na kwaikwayi sautin da bakina, na yi hasashen inda yake, sannan na ɗaga wurin da desibel 5 na daƙiƙa biyu ko uku don in tabbatar shi ne. In shi ne, abin da ya dame ni zai ƙaru, ba wani sabon abu zai ɓullo ba. Da haka yanka biyu suka rage: desibel 3 a haz 2,700 (haz shi ne ma'aunin mita, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), da desibel 2 a haz 4,300.

Maganar faɗi kuma, lambar da ake kira Q ba sihiri ba ce: mitar tsakiya ce aka raba da faɗin zangon. A haz 3,000, Q na 10 yana taɓa faɗin haz 300, Q na 1.4 kuma ya kai kusan oktaf guda, wato daga mita ɗaya zuwa ninkinta. Na tsaya a kan 4. Siriri ƙwarai ya fi dacewa da amon da ke tsaye wuri ɗaya kamar ƙusa, wannan kuwa ya ɗan bazu.

Ba mamaki duk ƙorafin da ke takardata ya taru tsakanin kilohaz 2 da 5. Ramin kunnen ɗan Adam bututu ne mai tsawon kimanin santimita 2 da rabi, rufe ta ciki, kuma shi kansa yana amsa amo a wajajen haz 3,000. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna a ɗakunan binciken Bell cewa a nan kunne ya fi ji. Ƙarin desibel 2 a wannan yanki ya fi ƙarin desibel 2 a haz 100 zafi nesa ba kusa ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ƙugin bes. Duk lokacin da mai bes ya taɓa sautin da ake kira B, wanda ke haz 123, sai ɗakin ya cika kamar an hura balan-balan. Na yanke desibel 5 a wurin, a lasifika ya daidaita. Da na sa hedifon sai na ji sautin B ya ɓace daga layin, kamar mai bes ɗin ya tsallake shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauko awo na auna ɗakin da nake aiki: tsawo mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 2.8. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin bango biyu masu fuskantar juna yana tsayawa a mitar da ake samu in aka raba 343 da ninkin nisan. Tsawon ya ba ni haz 43, da 86, da 129. Silin ya ba ni 61 da 122. Ga 122 ga 129 kafaɗa da kafaɗa, B kuma ya faɗo tsakaninsu. Ƙugin na ɗakina ne, ba ya cikin abin da aka ɗauka. Na cire yankan. Daga yau duk hukuncin da ya shafi ƙasa da haz 200 sai hedifon ya yarda da lasifika kafin in zartar.

Jitar katako kuwa nata ƙugin na gaske ne. Iskar da ke cikin akwatinta tana amsawa a wajajen haz 100, G na ƙasa kuma yana haz 98, kuma an sa makirufo daidai bakin ramin. Wannan ko a hedifon yana nan. Na yanke shi da desibel 4.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kwana uku ina kan muryar waƙa ta uku. Ita ce zuciyar aikin, ita ce kuma ta fi ba ni wuya.

A baitoci tana rera wa a hankali, muryar da laushi, babu abin gyara. A amshi ne take buɗe maƙogwaro, sai wani tsini ya fito kamar allura. Na yi masa yanka a haz 2,900, ya yi magani a layin farko na amshin, a layi na biyu allurar ta dawo. Na matsar da yankan zuwa 3,300, na biyu ya gyaru, na farko ya ɓaci. Sai da na zauna da biyano na nemo sautukan da take riƙewa sannan na gane. Kowane sauti da aka rera yana tafe da ninki-ninkinsa a sama. A layin farko tana tsayawa a kan D mai haz 587, ninkinsa na biyar ya faɗa a 2,935. A na biyu ta hau E mai haz 659, ninkinsa na biyar ya koma 3,295. Tsinin yana bin waƙar ne, ƙafa da ƙafa.

A nan ne na ga ya kamata in raba amo gida biyu a kaina kafin in taɓa komai. Akwai wanda ke zaune wuri ɗaya ko me aka kaɗa: na ɗaki, na makirufo, na jikin kayan kiɗa. Shi yanka mai tsayawa ya ishe shi. Akwai kuma mai yawo, wanda ke tashi da sautin da aka rera ya sauka da shi, ko wanda ba ya fitowa sai an matsa ƙarfi. In ka sa masa yanka mai tsayawa, ka hukunta waƙar gaba ɗaya saboda laifin daƙiƙa uku.

Na koma kan ikwalaiza mai motsi. A Pro-Q 3 na kamfanin FabFilter, wanda ya fito a 2018, kowane zango za ka iya mayar da shi mai motsi: yana nan shiru, sai ƙarfin wurin ya haura iyakar da ka sa masa sannan ya danna, da ya lafa ya saki. TDR Nova ma na yin wannan aiki da zango huɗu, kuma da shi na fara koyo shekarun baya. Na sa zango ɗaya a haz 3,100, na faɗaɗa shi yadda zai rufe D da E duka, na ba shi izinin danna har desibel 4. A baitoci ko motsi ba ya yi. A amshi yana nutsawa ya taso kamar mai numfashi.

Sai kuma tsari. Da farko kwamfuresa, mai danne sauti in ya yi ƙarfi, ita ce a gaba, ikwalaiza a baya. Tsinin ne ke fara dukan kwamfuresar, ita kuma ta danne muryar gaba ɗaya saboda shi, sai jikin muryar ya janye ya bar allurar tsirara. Na musanya musu wuri. Yanzu an rage tsinin kafin ya isa kwamfuresar, tana aiki da muryar ne ba da allurar ba.

Harafin "s" da "sh" na bar wa nasu fulogin daban, a wajajen kilohaz 7. Wancan iska ce, wannan sauti ne, ba a haɗa musu magani.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Fayafayan ƙarfe na ganguna sun fi ƙarfin zango ɗaya ko biyu. Kowane bugu yana tayar da tsinaye da yawa, kuma ba sa bin tsarin ninki irin na murya ko jita, kowanne inda ya ga dama yake tsayawa. Nan ne wurin soothe2, na kamfanin oeksound da ke Helsinki a ƙasar Finlan, wanda ya fito a 2020. Shi yana bin sautin ne yana gano duk inda wani siririn wuri ya ɗara maƙwabtansa, ya danna shi a daidai lokacin, ya saki. Kamar a ce kana da yatsu masu yawa a kan ikwalaiza, kowanne yana aikinsa.

Na ɗora shi a kan makirufo biyu na saman ganguna. Na taƙaita masa inda zai duba, daga kilohaz 3 zuwa 9. Na murɗa zurfin har ya wuce kima don in ji inda yake kamawa, sannan na dawo da shi baya. Abin da ya fi amfani a cikinsa a ganina shi ne maɓallin delta, mai sa ka ji abin da ake cirewa shi kaɗai. In a delta fito da ƙara kawai kake ji, aiki na tafiya. In ka fara jin bugun sanda, ko kana iya bin kiɗan, to ka fara ɗibar nama. Na jinkirta saurin kamunsa kaɗan don kan sandar ya wuce kafin ya danna. Fayafayan suka koma sheƙi, suka daina yanka.

Na ji daɗin sakamakon ƙwarai, har na ɗora shi a kan murya, da jita biyu, da sakson, da kuma layin da ya tattara komai. Da dare na aika wa ƙungiyar waƙa ta uku.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Mawaƙiyar ta kira da safe. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari, komai ya yi tsaf. Sai dai ina jin kalmomina, ban ji kaina ba. Kamar an lulluɓe ni da bargo."

Na ce, "Malama, a ina kika fi jin haka?"

Ta ce a amshi na ƙarshe, inda ta ɗaga murya. Ta ce wurin nan kuka take yi da gaske ranar ɗauka, yanzu kuma ya zama kamar tana karanta wasiƙa.

Ban yi musu ba. Na buɗe aikin na lissafa abin da ke kan hanyar muryarta a yankin kilohaz 3: ikwalaiza mai motsi na cire 4, soothe2 na kan murya na cire kusan 4, na kan layin tattarawa na ƙara 2. Desibel 10 a daidai lokacin da waƙar ta kai ƙololuwa. Garin gyaran gira na taɓa ido. Laifin ba na kayan aikin ba ne, abin da na umarce su suka yi.

Abin da na sani amma na yi sake da shi: yankin da ke sukar kunne shi ne kuma yankin da ke sa murya ta ratsa kiɗa ta iso wurin mai sauraro. Johan Sundberg, masanin murya ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna tun shekarun 1970 cewa ƙwararrun mawaƙan opera maza na tara ƙarfi a wajajen haz 3,000, da shi suke fitowa a kan babbar ƙungiyar makaɗa ba tare da makirufo ba. Amo shi ne ke bambanta muryar wannan da ta wancan, jitar katako da ta roba. Ba duk tsini ne cuta ba.

Na cire soothe2 daga murya da layin tattarawa, na bar shi a fayafayai inda ya cancanta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Maigidana da ya koya mini aikin nan ya leƙo da yamma. Shekaru sun ja, ba ya haɗa sauti yanzu, amma kunnen na nan. Na kunna masa waƙa ta uku, ina nuna masa zanen mitoci a allo, ga tudun nan, ga wancan.

Ya ce, "Yaro, kashe allon nan."

Na kashe. Ya ce in sake kunnawa. Muka zauna cikin duhun allo har amshi ya wuce. Ya ce, "Ana cewa gani ya kori ji. A aikinmu in gani ya kori ji, an yi asara. Yanzu kashe jitar lantarki ka bar muryar yadda aka ɗauke ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, muryar ce ke da tsinin, na auna."

Ya ce, "Kashe dai."

Na kashe jitar, na kashe duk abin da na ɗora wa muryar. Allurar ta ragu da fiye da rabi. Muryar tana da kaifi, amma kaifi mai daɗi, irin wanda ke sa tsigar jiki ta tashi. Ya ce in dawo da jitar in kashe muryar. Ita ma jitar ita kaɗai lafiya lau. Sai sun haɗu, ga fayafayan ƙarfe a kansu, sannan wurin ya yi cunkoso. Abu uku ne ke rububin ƙofa ɗaya, ni kuma na kama wadda ta fi kusa da ni ina ta duka.

Bayan ya tafi na zauna har dare a kan wannan. Na sa zango mai motsi a kan jitar lantarki a haz 3,000, mai ɗan faɗi, amma na sa muryar ce ke tayar da shi, ba jitar ba. In ta buɗe baki jitar ta janye desibel 2 da rabi a wannan yanki kawai, in ta yi shiru jitar ta dawo da haƙoranta. Ba a jin motsin ko kaɗan, sai dai a ji murya ta sami wuri. Na kuma matsar da jitar gefen hagu kaɗan, na rage fayafayai da desibel 1 a amshi da hannu. Zangon da ke kan muryar kuwa na rage masa izini daga 4 zuwa 1 da rabi.

Wani abu da ya faɗa yana sa takalmi: kada in kwatanta gyara da asali sai ƙarfinsu ya zo ɗaya. Yanka na rage ƙarfi, kunne kuma kullum wanda ya fi ƙarfi yake zaɓa, ko kuma in ya gaji ya zaɓi wanda ya fi laushi. Duka biyun ruɗi ne. Yanzu ina daidaita su da ma'aunin ƙarfi kafin in danna maɓallin kwatantawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ban taɓa komai ba yau. Jiya na yi awa tara da ƙara mai yawa, da yamma komai ya koma mini da kaifi, har ƙarar cokali. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Na mayar da ƙarfin aikina wajen 75, ina ɗagawa na minti ɗaya ko biyu kawai don in duba bes, ina kuma tashi duk bayan minti 45. Gyaran da na yi bayan awa ta shida jiya duk zan sake duba su ranar Litinin.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Cikin gyara bakwai na daren Juma'a, biyar na janye.

Sakson waƙa ta biyar yana da wani sauti kamar ana busa shi ta cikin bututun roba. Na nemi tsini ɗaya ban samu ba. Da na duba zanen, wannan karon bayan kunne ya riga ya yi ƙorafi, sai na ga tudu da kwari a jere kamar haƙoran matsefi, tazararsu ɗaya, kusan haz 1,000 tsakanin kowane tudu da na gaba. Wannan ba amon kayan kiɗa ba ne. Sauti ne ya iso makirufo sau biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya bugi wani abu ya dawo. Tazarar haz 1,000 na nufin jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wato ƙarin tafiyar santimita 34.

Na tambayi mai busan, ya ce akwai teburin ɗora takardar waƙa na ƙarfe dab da makirufon. To ga shi. Ikwalaiza ba ta cike kwarin da sauti ya soke kansa, in ka ɗaga wurin hayaniya kawai za ka ɗaga. Na gwada soothe2, ya sassauta tudun, amma muryar bututun na nan.

Mafita ta zo daga wani wuri. Makirufon ɗaki, wanda aka ajiye nesa, ya kama sakson da kyau, babu matsefi. Na daidaita lokacinsu, na ba na ɗaki rinjaye, na bar na kusa a ƙasa don kaifin farkon busa. A waƙa ta shida, inda ganguna suka cika makirufon ɗaki, hakan ba zai yiwu ba. Na roƙe shi ya sake busa layin, daƙiƙa 40 ne kacal. Ya ce zai zo ranar Asabar.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Tun makon jiya nake jin wata ƙura-ƙura mai kaushi a kan ganguna a waƙa ta biyu, wadda ba ta cikin takardata ta ranar farko. Abin da ba ya nan ranar farko, ni na kawo shi. Na riƙa kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya har na kai kan wanda na sa don ya ba gangunan ɗumi da ɗan ƙuna irin na tsofaffin na'urori. Da na kashe shi ƙurar ta washe.

Irin wannan fulogin yana aiki ne ta hanyar haifar da ninkin sautin da ya shige shi. A kan kilohaz 48, tsarin ba ya iya riƙe abin da ya haura kilohaz 24, duk abin da ya wuce nan sai ya naɗo ya dawo ƙasa. Fayafayan ƙarfe na da ƙarfi a wajajen kilohaz 9. Ninkinsa na biyar 45 ne, ya naɗo ya sauka a kan kilohaz 3, daidai inda kunne ya fi rauni, kuma ba shi da dangantaka da kowane sauti na waƙar. Na yi kwanaki ina danne wannan wuri da ikwalaiza alhali ɓarnar daga sama take zubowa.

Fulogin ɗin yana da maɓallin ninka yawan samfur a cikinsa, wanda ke ɗaga waccan iyaka sama, a kashe yake. Na kunna shi a ninki huɗu, na kuma raba hanya, fatun ganguna su bi ta cikinsa, fayafayai su kewaye. Ɗumin ya tsaya, ƙurar ta tafi, na cire zango biyu da na sa don yaƙarta.

Talata, 4 ga Maris

An sake busa sakson ranar Asabar, babu teburin ƙarfe, makirufo ɗan gefe da bakin ƙahon. Ban sa masa komai ba sai yanke ƙasa da haz 80.

Na gwada ɗora limita, mai hana sauti haura wata iyaka, a kan waƙoƙin don in ji yadda za su kasance bayan gyaran ƙarshe. Da na matsa sosai kaifin ya fara dawowa, domin limita na danne bugun ganga da bes, abin da ke tsakiya kuma ya taso. Tunda Spotify na daidaita waƙoƙi a wajen LUFS 14 ƙasa da sifili, ban ga dalilin matse su har su yi ihu ba. Na rubuta wa mai gyaran ƙarshe cewa amshin waƙa ta uku da gangan aka bar masa kaifinsa, kada ya share.

Na saurari duka shida a hedifon, a lasifikar mota, da kuma a waya. Waya ce ta fi tsanani, don ba ta da ƙasa, tsakiya kawai take turowa. A nan jitar waƙa ta huɗu ta ɗan soka a haz 4,300, na ƙara rabin desibel a yankan.

Mawaƙiyar ta ji sabon haɗin waƙa ta uku. Saƙonta gajere ne: "Malam, yanzu ni ce." A amshi na ƙarshe, kan E ɗin nan, na kashe zangon mai motsi gaba ɗaya na daƙiƙa huɗu. Yana ɗan suka. Na saurare shi sau goma hannuna bai je kan maɓallin rage ƙara ba.

Ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta biyar sun kammala. Ta huɗu na jiran amincewar mai jita. Ta shida da sauran rina a kaba: ƙaramar gangar tsakiya na da wani amo mai jan wutsiya a wajajen haz 480, makaɗin ya ce yana son sa, mai bes ya ce yana karo da layinsa. Gobe da safe, kafin in ji komai, zan duba ko amon ya dace da sautin da aka gina waƙar a kai. In ya dace zan bar shi in gajarta wutsiyar kawai, in bai dace ba sai mu zauna mu uku.